Tsohon Garin Warso: Tarihi Ne Ko Kwaikwayon Tarihi?

Mai Niyyar Tafiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙasar Polan. A watan Oktoba mai zuwa, in Allah ya yarda, wurin aikinmu zai tura ni wani horo na mako guda a birnin Warso, kuma bayan an kammala ina da kwana biyu a hannuna kafin jirginmu ya tashi. Da farko na ƙudurta in yi su a cikin birnin, in zagaya tsohon garin nan da nake ganin hotunansa, mai gidaje launi-launi da suka kewaye dandalin kasuwa. Sai wani abokin aikina da ya taɓa zuwa ya sanyaya mini gwiwa, ya ce duk abin da zan gani a can sabon gini ne da aka yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamannin na da kawai aka ba shi, don haka gara in hau jirgin ƙasa in tafi Krakow inda gine-ginen suke na asali. Shin maganarsa haka take? Idan kuwa haka take, mene ne amfanin mutum ya tsaya yana kallon ginin da bai girmi mahaifinsa ba, ana ce masa ya yi ɗaruruwan shekaru?

Ɗalibi a Warso:
Wa alaikumus salam, Yallaɓai. Shekarata uku ke nan ina karatu a wannan birni, kuma zan iya cewa abokin aikinka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ba ka. Kusan duk gidajen da ke kewaye da dandalin kasuwar an sake gina su ne bayan 1945, kuma a ranar 22 ga Yuli 1953 aka yi bikin buɗe dandalin. Fadar sarakuna kuwa ba a soma tayar da ita ba sai 1971, aka kammala a 1984. Amma mutanen garin ba sa ɓoye wannan ko kaɗan. A shagunan tsaraba ma ana sayar da katunan hoto masu nuna dandalin a 1945 da yadda yake a yau gefe da gefe, domin abin alfaharinsu ne a san cewa daga ɓaraguzai suka tayar da shi.

Idan ka tsaya a dandalin fada za ka ga dogon ginshiƙi da mutum-mutumin Sarki Zigmund na Uku a bisansa, wanda aka fara kafawa a 1644. Ka ɗan zagaya ta gefen fadar, za ka tarar da guntayen tsohon ginshiƙin da aka kayar a 1944 a kwance a ƙasa, an bar su a fili kowa yana iya ɗora hannu a kansu. Na taɓa zama kusa da su da yamma, ina duban sabon a tsaye da tsohon a kwance, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce 'yan taku ba. Mutum-mutumin da ke sama shi ne na asali, ya faɗo tare da ginshiƙin bai tarwatse ba, aka gyara shi aka mayar a 1949. Krakow gari ne mai kyau ƙwarai, kuma tafiyar kimanin awa biyu da rabi ce a jirgi mai sauri, amma irin wannan abin ba za ka same shi a can ba.

Malamar Tarihi:
Malam, kafin a yanke hukunci a kan ginin, ya kamata a san yadda aka rushe shi, domin a nan ne amsar tambayarka take. Ba a rana ɗaya aka hallaka Warso ba. A watan Satumban 1939 jiragen Jamus sun yi wa birnin ruwan bama-bamai har ya miƙa wuya a ƙarshen watan, kuma a ranar 17 ga watan ne wuta ta kama fadar sarakuna, agogon hasumiyarta ya tsaya a ƙarfe 11:15. A 1943, bayan boren Yahudawan da aka killace a unguwa guda, an baje unguwar tasu baki ɗaya. Sannan a ranar 1 ga Agusta 1944 mayaƙan sa-kai na ƙarƙashin ƙasa suka yi wa Jamusawa bore, aka yi kwana 63 ana gwabzawa gida-gida, yayin da sojojin Tarayyar Sobiyet suka iso ɗaya gaɓar kogin Bistula ba su kawo ɗaukin da zai sauya komai ba. Fararen hular da suka mutu a waɗannan kwanaki sun kai tsakanin 150,000 zuwa 200,000.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo bayan miƙa wuya a ranar 2 ga Oktoba. An kori kusan duk wanda ya rage da rai daga ɓangaren birnin da ke hannun Jamusawa, sannan aka shigo da rundunoni na musamman da nakiya da na'urorin feshin wuta, suna bin titi-titi suna ƙone gidajen da babu kowa a ciki, kuma sun fi mayar da hankali ga fadoji da majami'u da ɗakunan karatu da ma'adanar takardun tarihi. Kaso mafi girma na ɓarnar a wannan lokacin aka yi shi, lokacin da babu sauran mai harbi. A watan Oktoban ne aka cinna wa tarin tsofaffin littattafai da rubuce-rubucen hannu wuta a wani ɗakin karatu, kuma har yau hukumar ɗakin karatu ta ƙasar tana ajiye da wani tulun gilashi mai ɗauke da tokar waɗannan littattafai. Lokacin da sojojin Sobiyet da na Polan suka shiga birnin a ranar 17 ga Janairu 1945, kimanin kashi 85 cikin 100 nasa kufai ne, a garin da yake da mutum wajen miliyan 1.3 kafin yaƙi. Wanda ya yi wannan aika-aika so yake a manta cewa an taɓa yin gari a wurin. Saboda haka a ganina sake gina shi da kamanninsa na da ba ado ba ne, amsa ce aka bai wa wanda ya rushe shi.

Ɗan Damagaram:
Malama, na ji bayaninki kuma ba ni da ja a kan tarihin. Amma ku yi mini haƙuri, ni ina bayan abokin aikin Malam. Tausayin mutanen da aka zalunta daban, gaskiyar abin da ido yake gani daban. Dutsen da magini ya sassaƙa a ƙarni na 15 idan ya zama gari, to ya tafi ke nan, kuma wanda aka sassaƙa a 1952 ba zai zama shi ba ko da kamanninsu ɗaya ne. Bugu da ƙari, kada mu manta da wanda ya yi ginin. Gwamnatin gurguzu ce da Masko ta ɗora, wadda ta ɗaure da yawa daga cikin mayaƙan boren 1944, ta kashe wasu, sannan ta zo tana gina musu titunan da suka mutu a kai domin ta samu karɓuwa a wurin jama'a. Ranar 22 ga Yulin da aka buɗe dandalin ma ranar bikin wannan gwamnati ce. A watan Oktoban 1945 ta fitar da dokar da ta ƙwace filayen birnin daga hannun masu su, kuma rigimar wannan doka ta kai shekaru masu yawa bayan faɗuwar gurguzu. Tubalan da aka yi aikin da su kuma an kwaso miliyoyinsu ne daga garuruwan da Polan ta samu daga Jamus bayan yaƙi, irin su Wroclaw, inda aka ƙarasa rushe gine-ginen da wasunsu za su gyaru. Wato an tone wani rami an cike wani. Ta yaya za a ce mini wannan shi ne tsohon gari?

Magini:
Ƙanina na Damagaram, duk abin da ka lissafa ya faru, kuma na ji daɗi da ka kawo shi, domin masu yabon Warso sukan tsallake shi. Ni aikina ke nan, zanen gine-gine, shekara fiye da talatin, kuma na je wurin da idon mai sana'a. Bari in faɗi abin da na gani da abin da na sani game da yadda aka yi aikin.

Da farko, ba a kan fili fetal aka yi ginin ba. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na gidaje da yawa sun tsira, haka wasu bangaye na hawan farko, da duwatsun da ke kewaye da ƙofofi. An tace ɓaraguzan da hannu, maza da mata suna miƙa wa juna tubali a jere, duk abin da yake da sauran amfani aka ware shi aka mayar da shi muhallinsa. Idan ka matsa kusa da wasu ƙofofin dandalin za ka ga dutse guda mai launi biyu, wani sashe ya yi duhu ya sha jiki, wani kuma fari sumul, kana ganin layin da aka haɗa su. Na daɗe a tsaye gaban wata ƙofa ina bin wannan layi da yatsa. Ba a yi ƙoƙarin ɓoye shi ba.

Na biyu, ba da ka aka yi aikin ba. Tun kafin yaƙi malamai da ɗaliban sashen zanen gine-gine na kwalejin kimiyyar birnin sun auna tsofaffin gidajen sun zana su, kuma Farfesa Jan Zachwatowicz yana cikin waɗanda suka fitar da waɗannan takardu daga birnin aka ɓoye su. Shi ne ya zama babban mai kula da kayan tarihi na ƙasar bayan yaƙi. A fadar sarakuna kuma, Stanislaw Lorentz na gidan tarihi na ƙasa da ma'aikatansa sun yi kasada da rayukansu tun cikin hunturun 1939 suna ɓamɓaro ƙofofi da sassaƙe-sassaƙe da guntayen adon bango suna ɓoyewa, saboda sun ga Jamusawa suna huda bangayen domin dasa nakiya. Dubban waɗannan guntaye an mayar da su cikin sabuwar fadar. Sai kuma zane-zanen Bernardo Bellotto, ɗan Italiyan da ya yi wa sarkin Polan na ƙarshe aiki a ƙarni na 18, wanda ya zana titunan birnin dalla-dalla har ana iya ƙirga tagogi. Guda 22 daga cikinsu suna rataye a ɗaki guda a cikin fadar.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne, garin da aka tayar ba na 1939 ba ne. Kafin yaƙi tsohon garin unguwar talakawa ce mai cunkoso da duhu. Masu aikin sun rage gine-ginen da ke tsakar gidaje domin iska da haske su shiga, sun sa ruwan famfo da banɗaki na zamani, sun zaɓi kamannin ƙarni na 17 da na 18, sun watsar da yawancin abin da aka ƙara a ƙarni na 19. Babbar majami'ar Yahaya ma ba a mayar mata da fuskar da take da ita kafin yaƙi ba, an yi mata wadda ake jin ta fi kusa da ta farko. Zachwatowicz da kansa ya san cewa ƙa'idar sana'arsa ba ta yarda da irin wannan aiki ba, ya yi shi ne da saninsa saboda girman abin da aka yi wa ƙasarsa.

Amma ina da tambaya gare ka, tunda kai mutumin Nijar ne. Hasumiyar babban masallacin Agadas an fara gina ta a farkon ƙarni na 16, aka sake tayar da ita a 1844, kuma tun daga lokacin ana yi mata yaɓe ana sauya itatuwan da suka ruɓe. Nawa ne ya rage na ƙasar da maginin farko ya kwaɓa? Duk da haka babu wanda ya taɓa tsayawa a gindinta ya ce jabu ce. Mu da muka tashi a cikin ginin ƙasa mun fi kowa sanin cewa gini yana rayuwa ne da hannun da ke sabunta shi.

Ɗan Damagaram:
Baba Magini, wannan misali ya shige ni, kuma na gode da ka tsaya ka yi bayani filla-filla. Sai dai akwai bambanci guda da ba zan iya kau da kai daga gare shi ba. A Agadas igiyar ba ta taɓa tsinkewa ba. Ɗa ya koya a hannun uba, masu salla ba su taɓa daina shiga ba, kowace shekara ana ɗora sabo a kan tsohon da yake tsaye. A Warso kuwa an yanke igiyar: an kashe mutanen, an kori sauran, gidajen sun zama toka, sannan bayan shekaru hukuma ta zo da takardu da zane-zane ta ce ga yadda za a yi. Waɗanda aka bai wa sababbin gidajen ma galibinsu ba zuriyar masu tsofaffin ba ne. Yaɓe ci gaba ne, wannan kuwa farawa ce daga sabo da tufafin da. Ban ce ba a yi aikin kirki ba, na ce a kira shi da sunansa.

Malamar Tarihi:
Ɗan'uwa, a kan kiran abu da sunansa ba mu da saɓani, kuma hukumar UNESCO ma haka ta yi. Lokacin da ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1980, ba ta sa shi a matsayin garin da ya tsira ba, ta sa shi ne a matsayin fitaccen misali na sake gini kusan baki ɗaya. Inda nake ganin ka rage wa mutanen haƙƙinsu shi ne cewa hukuma ce ta zo ta yi. Tun cikin Janairun 1945 mutane suka riƙa komowa a ƙafa cikin ƙanƙara, suna zama a ramukan gidajensu, suna rubuta sunayensu da alli a bangon da ya rage domin 'yan'uwansu su same su. Fadar sarakuna kuwa gwamnati ta yi shekaru tana jan ƙafa a kanta, kuma da aka amince a 1971 da gudummawar jama'a aka gina ta, na gida da na ƙetare. A 1974 aka sake tayar da agogon hasumiyar daga ƙarfe 11:15, daidai inda ya tsaya.

Amma maganarka ta tsinkewar igiya tana da wurin da ta dace da shi sosai, kuma ina roƙon Malam ya je can. Tafiyar minti kaɗan ce daga tsohon garin zuwa unguwar Muranow. Kafin yaƙi kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Warso Yahudawa ne, kuma a nan aka killace fiye da mutum 400,000 daga 1940, aka kwashe mafi yawansu zuwa sansanin kisa na Treblinka a 1942. Wannan unguwa ba a mayar da ita yadda take ba, domin babu waɗanda za su komo su nemi a mayar. Ɓaraguzan sun yi yawan da ba za a iya kwashewa ba, sai aka baje su aka gina sababbin gidaje a bisansu, har an niƙa wasu an yi bulo da su. Warso gari ne shimfiɗaɗɗe, amma a Muranow za ka ga gidaje a kan 'yan tuddai, ana hawa matakala kafin a kai ƙofa. Waɗannan tuddai ba halitta ba ne. Da na san haka ina tsaye a wurin, ga yara suna wasa a kan ciyawa, sai na kasa ɗaga ƙafata na ɗan lokaci. A nan ne gidan tarihin Yahudawan Polan yake, mai suna POLIN, yana fuskantar dutsen tunawa da mayaƙan unguwar, inda shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Willy Brandt ya durƙusa a kan gwiwoyinsa a watan Disambar 1970. Wanda ya ga tsohon garin bai ga Muranow ba zai koma gida da zaton cewa duk abin da aka rasa an maido shi.

Ɗalibi a Warso:
Abin da Malama ta faɗa game da tuddan nan gaskiya ne, na yi wata shida ina wucewa ta wurin ban san dalilinsu ba. Ina so in ƙara abu guda game da ko igiyar ta tsinke. A kowace ranar 1 ga Agusta, da ƙarfe 5 na yamma, jiniya tana kaɗawa a duk faɗin birnin, kuma komai yana tsayawa na minti guda. A shekarata ta farko ina kan hanyar komawa masauki ban san da zancen ba, sai na ga motoci sun tsaya a tsakiyar titi, direbobi sun fito, masu tafiya a ƙafa sun ƙame. Kusa da ni wata tsohuwa ta ajiye jakar cefanenta a ƙasa ta miƙe tsaye sosai, leɓɓanta suna motsi. Da jiniyar ta yi shiru ta ɗauki jakarta ta ci gaba da tafiya. Ban san wanda take tunawa ba, amma na san ba hukuma ce ta sa ta ba.

Yallaɓai, ka ware wa gidan tarihin boren 1944 aƙalla awa uku. An buɗe shi a 2004 a wata tsohuwar tashar lantarki ta jiragen ƙasa na cikin gari, a unguwar Wola, wadda a cikinta aka kashe dubun-dubatar fararen hula a makon farko na boren. A ciki akwai kwatancin magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin ƙasa da mutum zai bi a sunkuye cikin duhu, domin ta irin wannan hanya ce dubban mayaƙa da masu rauni suka fice daga tsohon garin a farkon Satumban 1944. Kuma akwai abin da zai ba ka mamaki a matsayinka na ɗan Nijeriya: wani makaɗi haifaffen Legas, August Agboola Browne, wanda ya zauna a Polan tun shekarun 1920, ya bayyana a takardarsa ta shiga ƙungiyar tsofaffin mayaƙa cewa ya yi yaƙi a boren da laƙabin Ali. A 2019 aka kafa masa dutsen tunawa a tsakiyar birnin.

Mai Niyyar Tafiya:
Allah ya saka muku da alheri, ban yi zaton tambayata za ta jawo wannan ilimi ba. Ƙanina ɗalibi, tunda kai ne a wurin, yaya batun salla da abinci, kuma yaya mutum zai yi zirga-zirga?

Ɗalibi a Warso:
Yallaɓai, akwai cibiyar al'adun Musulunci mai masallaci a unguwar Ochota, akwai kuma wani masallacin a titin Wiertnicza, kuma ana Juma'a a dukansu. Musulunci ba baƙo ba ne a ƙasar, domin Musulmi 'yan ƙabilar Tatar sun yi fiye da shekara 600 a wannan yanki, har suna da maƙabarta tun ƙarni na 19 a titin Tatarska cikin birnin. A kan abinci sai ka yi hattara, saboda naman alade ya yi yawa a girkinsu. Akwai wani abincinsu da ake kira pierogi, ƙullun fulawa ne ake cusa masa dankali da cuku a dafa, amma sau da yawa ana barbaɗa masa soyayyen kitsen alade a sama, don haka ka tambaya kafin a zuba. Gidajen abincin Turkawa da na Larabawa suna da yawa a tsakiyar gari. Kuɗinsu zloti ne, ba yuro ba. Bas mai lamba 175 yana tasowa daga filin jirgin sama ya bi ta tsakiyar birni har kusa da tsohon garin, kuma idan tikitin takarda ka saya kada ka manta ka sa shi a na'urar da ke cikin motar ta buga masa hatimi. A Oktoba sanyi ya soma kuma magariba tana yi da wuri, saboda haka ka taho da riga mai kauri, ka kuma fita da sassafe.

Magini:
Ƙari ɗaya daga gare ni. Ka tsallaka kogi zuwa unguwar Praga, wadda ba a yi mata irin waccan ɓarna ba saboda sojojin Sobiyet sun karɓe ta tun tsakiyar Satumban 1944. A can za ka ga gidajen jan bulo na kafin yaƙi, wasu babu ko shafe, wasu da tabon harsashi a jikinsu. Ka dube su da kyau sannan ka komo tsohon garin, idonka zai iya rarrabe abin da shekaru suke yi wa bango da abin da magini yake yi masa. Kuma idan ka bi ta dandalin Pilsudski za ka ga 'yan bakuna uku na gini, masu siffar baka, tsaye su kaɗai, sojoji suna gadin kabarin sojan da ba a san sunansa ba a ƙarƙashinsu. Su ne kaɗai suka rage daga fadar Saxon da aka tarwatsa a Disambar 1944, kuma a 2021 majalisar ƙasar ta zartar da dokar sake gina ta. Wannan gardama da muke yi, su ma suna yin ta a kan wannan fada.

Ɗan Damagaram:
To ni a kan wannan fadar ina tare da masu cewa a bar bakunan uku yadda suke, domin babu ginin da zai faɗi abin da suke faɗa a tsayensu su kaɗai. Amma na janye shawarar tafiya Krakow. Malam, ka tsaya a Warso, sai dai ina roƙonka ka fara da Muranow kafin ka je dandalin kasuwa, kada kyan fenti ya riga shiga idonka.

Mai Niyyar Tafiya:
Na karɓi wannan shawara. Ranar farko zan fara da Muranow da gidan tarihin da ke can, da rana in wuce na boren 1944. Rana ta biyu in shiga fada in ga zane-zanen nan 22, in nemi guntayen ginshiƙin da ƙofar da Baba Magini ya bi da yatsa, in lokaci ya ba da dama in tsallaka Praga kafin magariba. Baba, idan za ka iya tuna ɓangaren dandalin da ƙofar take, ka taimaka ka rubuto mini. Idan Allah ya dawo da ni lafiya zan sa hotunan a nan.